Ruwan da Ya Shiga Ƙarƙashin Ɗakin Gwaggo

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da karatun jinyarki da bayin Allahn da ake koya muku allura a jikinsu. Mu nan lafiya lau. Innarki lafiya, sai ƙorafin gwiwa. Yayata, Gwaggonki da ta raine ki, lafiyarta har ta yi yawa, don makon jiya ta zage ni tun daga ƙofar gidanta har bakin titi ba ta yi haki ba. Ni kaɗai ne a kwance, kuma a kife nake rubuta miki wannan, ciki a ƙasa, takarda a kan faranti. In kin ga rubutun ya fi na kullum muni, kada ki zargi aji huɗun da na tsaya. Ƙuguna ne.

Ga abin da ya faru. Kin san tun da kwamitin gari suka share tsohuwar masaƙa suka ce baƙi su riƙa zuwa kallo, ni aka naɗa mai zagayawa da su, saboda duk garin nan ba wanda ya kai ni iya magana kyauta. Shekaranjiya aka kawo ɗalibai mota guda daga wata kwaleji. Na fara musu daga farko yadda na saba. Na ce da can ba gari a nan, mashigi ne kawai, sai mai fito da bukkarsa. Sai masu rini suka zo suka tarar ruwan kogin nan na kama shuni, suka sauke kaya suka zauna. Sai kamfani ya zo ya tare gefen kogi, ya haƙa magudana, ya ja ruwa ta ƙarƙashin ƙasa ya juya farfela, farfela ta juya injunan saƙa, injuna suka juya mu duka har muka manta yadda ake riƙe fartanya. Wannan duk gaskiya ne. Sai na ɗan ƙara gishiri, na ce a cikin magudanar akwai wani kifi da ya sha shuni har ya zama shuɗi, tumbinsa ya kai na Akawu. Suka rubuta a littafi, Uwata. Wallahi suka rubuta.

Daga nan muka hau kan madatsa, wurin ƙofar ruwa. Kin tuna sitiyarin ƙarfen nan mai faɗi da ake ɗaga ƙofar da shi, wanda kike lilo a jikinsa kina ƙarama? Tun da aka rufe masaƙa ba wanda ya juya shi. Ni kuwa da yake zuba wa inji mai ne sana'ata a da, ba na iya ganin ƙarfe a bushe, kullum sai na shafa masa giris don ya fito a hoto. Sai wani dogon ɗalibi mai tabarau ya ce, "Baba, ai wannan ado ne, ko a da ma ba ya juyawa."

Mai hankali murmushi zai yi ya wuce. Ubanki ya tofa yawu a tafin hannu.

Na kama, na danna, na kira sunan Allah, sai ga shi ya juya. Ni kaina na fi su mamaki. Suka yi tafi, tafin ya hau mini kai, na ƙara zagaye, na kuma ƙarawa. Sai na ji ƙas sau biyu, ɗaya daga haƙoran ƙarfen, ɗaya daga ƙuguna. Na zauna daɓas a gaban 'yan mata, wandona ya buɗe sabuwar ƙofa ta baya. Ita kuwa ƙofar ruwa ta ɗaga kamar taƙi guda, kogi ya fara shiga da wani irin gurnani. Na rarrafa in mayar da ita, sitiyari na ta juyawa a banza, ƙofa ba ta ma san ana yi ba.

Akawu, wanda makullan masaƙa ke hannunsa, ya zo ya leƙa ya ce ba komai. Wai lokacin da aka rufe masaƙa an cike magudanar da ƙasa, ruwan zai cika ɗan ramin bakin ƙofa ya tsaya, shi kuma zai rubuta birni a turo makaniki. Na ce to. Amma ina kwance a nan ina jin gurnanin har ɗaki, kuma ramin da ake cewa ƙarami ne tun ranar yake sha bai ƙoshi ba.

Ki tambayar mini malamanku abin da ake shafa wa ƙugun tsohon da ba ya jin magana.

Babanki

*

Zuwa ga Baba,

Wa alaikumus salam. Na sami wasiƙarka, na ji daɗin jin kowa lafiya, sai kai da ka nemo wa kanka. Ni ma lafiya lau, sai tsayuwa. Yanzu ɗakin masu karaya aka kai mu, ƙafafuna har kumbura suke.

Baba, ka kusa sa a kore ni. Lokacin hutun rana na buɗe ta, na yi dariya har sista ta leƙo. Dole na karanta wa ƙawayena, yanzu kowa a ajinmu ya san shuɗin kifi. Wata ta ce in tambaye ka ko romonsa ma shuɗi ne.

Maganar ƙugu: a gasa maka da ruwan ɗumi safe da yamma, a shafa man zafi, ka kwanta a kan abu mai tauri, kuma ka daina gasa da 'yan kwaleji. Na ƙarshen shi ne maganin, sauran taimako ne.

Maganar ƙofar ruwa kuwa, wannan karon ba za ka kama ni ba. Bara ka rubuto cewa bututun hayaƙin masaƙa ya karkata zai faɗo wa gari, na kasa cin abinci, na zo hutu na tarar shamuwa ce ta yi sheƙa a gefe ɗaya. Kafin nan dorina ce ta bi Akawu har ofis. Tunda an ce an cike ramin, ai an cike.

Ka gaida Inna. Ka gaishe mini da Gwaggo sosai, ka tambaye ta ko tana shan maganin tarin da na aiko, ko ta ajiye shi a kan kabad tana kallo. Ka ce mata zafin garin nan ya sa ina kewar ɗakinta. Duk shekarun da na yi a hannunta ban taɓa neman fanka ba. In rana ta take sai in kwanta a kan simintin in ji sanyi na ratsa ni kamar a bakin kogi. Ban taɓa samun ɗaki mai sanyin ƙasa irin nata ba.

'Yarka

*

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya. Ƙugu ya yi sauƙi, ina tafiya da sanda kamar mutumin kirki. Wannan kada ki karanta wa kowa. Ba abin dariya a cikinta, ko da yake na san da wuya in kai ƙarshe ban zame ba.

Shamuwa da dorina na amsa, nawa ne. Amma ke ce kika rubuta abin da ya hana ni sakat. Kin ce ƙasan ɗakin Gwaggonki sanyi gare shi. Na ajiye takardar na yi ta tunani, me ya sa? Gidanmu da nata siminti ɗaya ne, rana ɗaya ce ke dukanmu. Sai na tuna layin ƙasa, inda gidanta yake, kamfani ne ya gina wa ma'aikata, kuma a miƙe yake sak daga masaƙa zuwa inda magudana ke komawa kogi. A kan gadon bayanta aka jera gidajen, Uwata. Da an cike ta da ƙasa, da ɗakin bai yi sanyi ba. Rami ne a ƙasa, iska ce a ciki, a kansa kika yi ta barcinki.

Na ɗauki sanda na gangara ƙarshen layi, inda ya kamata ruwan ya fito. Kin san wurin, jujin da duk muke zubar da shara tun kafin a haife ki. Bakin magudanar ya toshe gaba ɗaya, har bishiya ta fito a kai ta yi inuwa. Na tona da sanda. A bushe yake ƙamas. Daga sama ruwa na shiga ba hutu, daga ƙasa ko ɗigo. Ga shi an fara ruwan sama, kogi na ƙaruwa, ƙofar na ƙara sha. Ni aji huɗu na yi, amma ko a aji huɗu an koya mana cewa in ana zubawa ba a kwashewa, abu cika yake.

Rijiyar layin ta taso har ana ɗiba ba igiya. Mata murna suke, wai albarka ce.

Na bi gida gida. Tela ya ce, "Kifin ne zai fito? Ka ce ya biyo ta nan in auna shi." Mai shayi ya ba ni kofi kyauta, wai labarin ya fi na bara daɗi. Na rantse musu, suka ce rantsuwar ma ta fi ta bara. Akawu ya ce ya rubuta, an ce makaniki sai hanya ta bushe. Ni da mai fito muka cika buhuna da yashi muka jefa a bakin ƙofar, ta haɗiye su kamar ƙwayar magani. Shi kaɗai ya daina dariya, don ya ga yadda ruwan ke fisgar kwalekwalensa.

Sai Gwaggonki. Na same ta a bakin gado tana tsintar shinkafa. Na buga sandata a ƙasa, ƙasan ya amsa kamar ganga. Na ce, "Yaya, kin ji?"

Ta ce, "Na ji. Kamar kanka in an ƙwanƙwasa."

Na ce ta dawo gidanmu har damina ta wuce. Ta ajiye farantin ta ce, "Auta, ina budurwa na shiga ɗakin rini, na fito da furfura. A gidan nan aka kawo ni, a gadon nan mijina ya cika, a nan na raini 'yarka. Jiniyar masaƙa ba ta taɓa tashina ba, ni nake riga ta. Yanzu don ka yaga wando a gaban 'yan makaranta sai in kwashi tukwanena in bi titi?"

Na ce, "Wallahi ba wasa nake ba."

Ta ce, "Je ka dubi fuskarka a madubi. Ko wurin gaisuwar mutuwa bakin nan naka a shirye yake ya yi dariya."

Gaskiyarta, haka Allah ya yi mini bakin. Na koma gida na tsaya a gaban madubin innarki ina gwada fuskar da za a yarda da ita, innarki ta shigo ta fashe da dariya.

Uwata, tsoro nake ji, ba irin wanda nake rubutawa don a yi dariya ba. In na ɗauki cokali sai in ji gurnanin nan in ajiye. Shekara da shekaru ina shirga ƙarya ana yi mini tafi, yau ga gaskiya a hannuna ba mai karɓa ko kyauta. Ke kaɗai take jin maganarki. Ki rubuto mata ki ce ta tashi. Ki ba direban motar kaya, kada ki jira gidan waya.

Babanki

*

Baba,

Ina gaishe ku duka. Ni lafiya, na karanta takardarka. Ka yafe mini dariyar da na yi. Na yarda da kai. Ban taɓa ganin wasiƙarka da ta ƙare ba ka tsokane ni ba sai wannan. Kuma na tuna wani abu. Ina ƙarama in na kifa kunnena a simintin nan, ina jin iska na kuka a ƙasa. Na gaya wa Gwaggo ta ce aljanun masaƙa ne ke neman aiki.

Na nemi izinin tahowa, shugabar makaranta ta ce jarrabawa ta gabato, wadda ta tafi sai ta maimaita shekara. Ta tambaye ni dalili. In ce babana ya juya sitiyari?

Ka karanta wa Gwaggo wannan yadda na rubuta, ban da gishiri:

Gwaggo, ni ce. Ban taɓa roƙonki abu kin hana ni ba. Don Allah ki koma gidan Baba har ruwa ya ja. In ƙarya yake, in na zo mu haɗu mu ci mutuncinsa tare, ni zan riƙe miki shi. In kuwa gaskiya ce, ba ni da wata Gwaggon.

Baba, in ta ƙi, ka ce Inna ce ba lafiya tana bukatar mai zama da ita. Tunda ka iya ƙarya, ka yi ta inda za ta yi amfani. Ka ba ni amsa a motar da ta kawo wannan.

'Yarka

*

Baba,

Ina fatan kuna lafiya, don fatan kaɗai gare ni. Motar kaya ta dawo ba takarda. Direban ya ce bai ma iso gare ku ba, ruwa ya cinye hanya a wajen gada, ya bar wasiƙata a hannun wani mai babur. Motar bayanta ma haka.

Jiya aka kawo wani mai karaya daga can wajenmu. Ɗan'uwansa ya ce ya ji a tasha wai ƙasa ta haɗiye gidaje a garin da ke da tsohuwar masaƙa. Na ce gidaje nawa ne, an yi rashi? Ya ce shi dai haka ya ji. Tiren allura na hannuna, ban san lokacin da ya kai ƙasa ba.

Shirunka ne ya fi ba ni tsoro, kai da ko akuya ce ta haihu sai ka cika shafi. In wani abu ya sami Gwaggo ka gaya mini kai tsaye, kada ka tsaya neman yadda za ka faɗa. In kuwa duk wasa ne tun farko, wallahi ba zan yi fushi ba, zan fi kowa murna. Layi ɗaya ya ishe ni. Na haɗa jakata. In mota ta gaba ta zo ba amsa zan taho, su riƙe shekararsu.

'Yarka

*

Uwata,

Gwaggonki na da rai. Ba ta ji ciwo ba. Ba wanda ya mutu. Ki zauna, ki sha ruwa, ki kwance jakar, sannan ki ci gaba. Yau gaisuwa ce ta zo a baya: muna lafiya, innarki na gaishe ki. Wasiƙunki biyu tare suka iso jiya, a jiƙe, bayan komai ya wuce. Duk da haka na karanta mata saƙonki. Ban ƙara ko wasali ba.

Ga yadda aka yi. Bayan na rubuto miki aka yi ta ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ƙaryar rashin lafiyar innarki ma na riga ki tunaninta. Gwaggonki ta zo dubiya ta tarar da marar lafiyar na wanki tana waƙa, ta juya ta koma.

Ran nan da hantsi matar tela ta zo a guje wai in zo. Na tarar da mutanen layin ƙasa a tsaye cirko-cirko a ƙofar Gwaggonki. Simintin ɗakinta ya tsage daga gado zuwa ƙofa, ruwa na tsattsafowa, kuma ruwan shuɗi ne, Uwata, shuɗi mai duhu. Ashe duk shunin da ɗakin rini ya zubar tun zamanin kamfani yana kwance a ƙasa yana jiranmu. Gwaggonki ta tsoma yatsa, ta duba, ta shinshina. Ta ce, "Namu ne." Ba wanda ya ambaci kifi. Abin da na yi ta rantsuwa a kai ba a ji ba, yatsa ɗaya ya gama shi.

Layi ya watse, kowa da katifa a ka. Mai fito ya ce ba abin da zai toshe ƙofar sai abu mai girmanta. Duk muka juya muka kalli jirgin ƙarfen nan na dakon auduga da ke ɗaure a bakin madatsa, wanda na yi wa fenti da hannuna, nake ce wa baƙi shi ya kawo injin farko garin nan. Wannan kam gaskiya ne. Akawu ya shafa kai, ya dubi jirgin, ya miƙa makullin sarƙar. Maza suka shiga loda masa duwatsu.

Ni na koma, don ban ga Gwaggonki cikin masu katifa ba. Na same ta a kan gado ta naɗe ƙafa, ruwa ya kai idon sawu, bango na zubo da ƙasa kaɗan kaɗan.

Na ce, "Yaya, tashi."

Ta ce, "Na ga ruwan, na yarda. Amma ina zan je da tsufana in zama baƙuwa? Ka tafi, Auta."

Na nemi abin dariya in faɗa, yadda na saba in ta kafe, na laluba ko'ina ban samu ba. Sai na shiga ruwan na zauna a gefen gadon na ce to mu zauna. Ƙasan na rawa a ƙarƙashin ƙafata kamar lokacin da injuna ke aiki. Haƙorana na haɗuwa, tana ji. Wani ɓangaren rufi ya faɗo a kan kabad.

Ta dube ni ta ce, "Matsoraci irinka ne zai zauna?"

Na ce, "Ba jarumta ba ce, Yaya, ƙafafun ne suka ƙi tashi."

Ta ja tsaki ta ce, "Juya." Na juya, ta hau bayana.

Da wannan ƙugun na goya ta har bakin titi. Ba ta da nauyi ko kaɗan, wannan ma ya ba ni tsoro. Ba mu ɗauki komai ba sai mayafin da ke jikinta. Muna isa shagon mai shayi na ji mata sun ɗauki salati, na juya da ita. Ba wata ƙara. Ɗakin ya durƙusa ne a hankali kamar tsoho zai zauna, rufin ya bi shi, shuɗin ruwa ya rufe. Gado, kabad, hoton mijinta, akwatin da take tara miki kaya, duk. Tana bayana, ban ga fuskarta ba. Na ji dai hannunta ya saki wuyana, ya sake kamawa.

Can da la'asar suka ja jirgin ya gitta bakin ƙofa, mai fito ya fasa cikinsa, ya nutse. Gurnanin ya tsaya. Gidan tela da na maƙwabcinsa sun tsage, za su gyaru. Nata kaɗai ya tafi, don shi ne a ƙarshe, inda ruwan ya taru.

Ki zauna ki rubuta jarrabawarki. Umarninta ne, ba nawa ba.

Babanki

*

Baba,

Alhamdu lillahi. Na yi kuka na ƙoshi, na kwance jaka. Ina gaishe ku duka, ni lafiya. Ka ce wa Gwaggo akwati ya tafi da abin da ke ciki, ni ita nake so.

Amma ka ba ni labarin jirgi da Akawu da gidan tela, ba ka gaya mini yadda take yanzu ba. Tana cin abinci? Tarin fa, bayan zaman da ta yi cikin danshin nan? Me ta ce maka? Na san ka, Baba. Inda ka tsallake, nan ciwon yake.

'Yarka

*

Uwata,

Muna gaishe ki, muna lafiya, sai ciwon ƙugu da ya dawo sabo. Kin kama ni. Aikin jinyar nan ya fara lalata ki.

Tana ɗakina, ni na koma baranda. Abinci kaɗan take ci. Tarin ya ƙaru, mun kai ta an duba an ba ta magani, kuma tana sha ba gardama. Abin da ya dame ni ke nan. Tun ranar ba ta zage ni ba ko sau ɗaya. Na kai mata ruwa ta ce ta gode. Ni, Uwata. Na taka mata takalmi da gangan ta ce ba komai. Takan sa kujera a tsakar gida ta zauna kamar mai jiran mota, in za ta shiga kicin sai ta nemi izinin innarki.

Kwamiti sun ce in ci gaba da zagayawa da baƙi, wai yanzu ma tarihin ya ƙaru. Na ce su nemi wani.

Na durƙusa a gabanta na ce ta faɗi abin da zan yi. Ta ce, "Ɗaki. Nawa, mai ƙofarsa, wanda ba sai na yi sallama ba in zan shiga. Kuma kada ka ɗauko birkila. Hannun da ya juya ƙarfen shi zai gina."

Na fara, a filin bayan gidanmu inda ƙasa ke da tauri. Sai da na bi ko'ina da sanda ina bugawa kafin in tona. Jan bulon gidanta nake tsamowa daga bakin ramin, in wanke, in turo a baro. Shunin ba ya fita, ɗakin shuɗi zai zama. Ban taɓa gini ba. Abin da na jera da safe, in na ja igiya da yamma sai in ga ya yi ciki kamar maginin, in rushe. Yanzu bango ya kai gwiwata, a gefe ɗaya.

Ina jera bulo ina jin tarinta ta taga, sai in ƙara sauri, in na yi sauri kuma ya karkace. Ke kin san jikin mutum, kuma na gaya miki yadda na ji nauyinta. In kin gama jarrabawa ki zo ki saurari ƙirjinta, ki gaya mini gaskiya ko ina da lokaci. Kada ki yi mini wasa, ko da ni na yi miki.

Bari in tsaya nan. Na kwaɓa siminti kafin in zauna rubutu, zai bushe.

Babanki